Filin da ruwa ke hawa: abin da na koya a aikin safiyo

Yanzu da na ajiye aiki a kamfanin safiyon da na daɗe ina yi wa hidima, na ga ya dace in rubuta wa abokan sana'a, musamman masu tasowa, abin da na gani game da filayen bakin ruwa, domin babu inda ake cutar mai saye cikin sauƙi kamar nan. Duk wanda ya san dam irin na Tiga ko na Challawa ya san cewa gaɓar da ido ke gani a watan Mayu ba ita ce gaɓar watan Satumba ba. Ruwa yakan janye da rani ya bar fili mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, mai ƙasa baƙa, wanda baƙo zai rantse cewa bai taɓa nutsewa ba, sa'an nan damina ta dawo da ruwan mazauninsa.

Doka ba ta bar wannan fili babu mai shi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa kuwa haƙƙin zama ne a kan filin da aka zana a taswirarsa. Ƙasar da dam ya cinye, gwamnati ta karɓe ta tun lokacin gini, kuma inda hukumomin raya koguna da aka kafa a 1976 ke kula da dam, su ne ke da ta cewa a kanta har zuwa iyakar cikar ruwa. A manyan hanyoyin ruwa irin Kogin Kwara, dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida (NIWA) ta 1997 ta ƙara keɓe mita 100 daga gaɓa, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa gwamnatin tarayya ikonta a kan irin waɗannan hanyoyi a shari'arta da Jihar Legas. Saboda haka wanda filinsa ya yi iyaka da ruwa yana iya ɗiba, ya yi ban-ruwa, ya ɗaure kwale-kwalensa, amma ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan ba tasa ba ce, ko da ta bushe watanni a jere.

Shugabana ya fi ni sanin duk wannan, kuma abin da har yau yake ci mini rai ke nan. Wani dillalin filaye ya kawo mana aikin yanka fulotai a gefen wani dam a tsakiyar bazara. Da muka shiga filin, alamun ruwa ba su ɓoyu ba: jikin duwatsu yana da zobe fari daidai ƙirjin mutum, ɓawon katantanwa da busasshiyar kainuwa sun yi layi a gindin tudu, kuma daga wannan layi zuwa bakin ruwa babu bishiya ko ɗaya da ta girma. Wani dattijo da ke cire albasa a wurin ya nuna mini da sandarsa inda ruwa ke tsayawa kowace shekara, ya ce kakansa ya karɓi diyyar gonar tun lokacin gini, su dai mai unguwa ke raba musu wurin su yi noman rani kafin ruwa ya dawo. Na tsayar da turakun iyaka a bisa tudun, na rubuta dalilina a rahoto.

Da na kai rahoton, Oga ya ce, "Malam, aunawa aka ɗauke ka yi, ba shari'a ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, layi biyu na fulotan nan suna cikin ruwa." Bai ƙara tanka mini ba. Ya tura wani yaro da bai gama koyon aiki ba ya sauko da turakun har bakin ruwa, aka zana sabuwar taswira, aka sayar da waɗannan fulotai da tsada fiye da sauran, da sunan suna kallon ruwa.

Cikin masu sayen akwai wata malamar firamare da ta zuba kuɗin sallamarta gaba ɗaya. A ƙarshen damina ta zo ofis, gefen zaninta jiƙe da laka, ta ce mini, "Ɗana, na je filina, sai masunta na tarar a kansa." Ba ta ɗaga murya ba. Da maganar ta kai ga hukumar filaye aka ƙi ba da takardar mallaka, sai aka zaro littafin awon farko mai ɗauke da sa hannuna, aka ce ni ne na yi aikin, rahotona kuma ya ɓace daga fayil. An hana ni ƙarin girma, Oga kuwa yana nan a kujerarsa, ana gayyatarsa yana yi wa matasa lacca a kan amana. Abin da ya wanke ni a wurin masu bincike shi ne kwafen rahoton da na ajiye a gida da hatimin ranar da aka karɓa.

Wasu abokan aiki sun ce na cika tsanani, tunda ruwa na iya janyewa har abada. Ina tuna musu da Tafkin Chadi, inda 'yan Najeriya suka bi ruwa yana ja da baya, suka kafa garuruwa irin su Darak, suka zauna shekaru masu yawa, amma a 2002 Kotun Duniya ta ce ƙasar ta Kamaru ce, domin iyaka ba ta tafiya tare da ruwa. Idan zaman gari guda bai sauya mallaka ba, turaku huɗu na siminti ba za su sauya ta ba.

Sauran abubuwan ba su da yawa. Kada a auna bakin ruwa ba tare da an nemi tsayin cikar dam daga hukumar da ke kula da shi ba, kuma a saurari manoman rani, domin sun fi na'ura sanin gaɓa. Kowane rahoto a riƙe kwafensa. Malamar nan kuwa har na bar aiki ba a mayar mata da kuɗinta ba, dillalin yana cewa ta nemi kamfanin, kamfanin yana cewa ta nemi dillalin.