Ɗanyen nama da cikin kare

Abin da ya fi damuna game da ciyar da kare ɗanyen nama shi ne yadda ake dogara da firiza. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta irin su Salmonella ko E. coli, kwantar da su kawai take yi. Da naman ya narke ya ɗau ɗumi, sai su ci gaba da hayayyafa. Don haka a narkar da shi cikin firji mai sanyin digiri 4, a mazubi mai murfi, kwanon kuma a wanke da ruwan zafi da sabulu bayan kowane ci. Naman kaza dai, na fi so a dafa har cikinsa ya kai digiri 74.

Idan karen ya fara zawo, taɓa dasashinsa. In ya bushe, ko ka ja fatar bayan wuyansa ta ƙi komawa nan take, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Jini a kashi, amai ba tsayawa, ko kuma kwikwiyo ne, to kada a kwana ba a ga likitan dabbobi ba. Tafi da sabon kashinsa cikin roba, ka faɗi gaskiya: wane nama, nawa, tun yaushe. Kada ka ba shi ragowar maganin ƙwayoyin cuta, yana iya ɓata gwaji. Ibuprofen kuwa, maganin raɗaɗi na mutane, guba ne gare shi.

Ko ya warke, yana iya fitar da Salmonella a kashinsa na makonni. In akwai jariri a gidan, a riƙa kwashewa da safar hannu.