Aikin da ke jiran ƙarfe biyun dare

Ranar da na kama aiki a ɗakin kwamfuta na wata masana'anta, cikin shekarun 1990, da takalmina na shiga. Maigidana bai ce komai ba, ƙofa kawai ya nuna mini da haɓa, na koma na tuɓe. Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa, ga injin can a kusurwa, bai fi ƙaramin firji ba, yana ta gurnani ƙasa-ƙasa. VAX 4000 ne, ƙirar kamfanin DEC na Amurka, jikan VAX-11/780 da ya fito a 1977, manhajar da ke tafiyar da shi kuma VMS. Maigidan ya zauna gaban allon VT220 mai koren rubutu, ya buga SHOW QUEUE/ALL SYS$BATCH, sai ga jerin sunaye, kowanne da lambarsa da lokacinsa.

Ya ce, "Ka ga waɗannan? Su ne ma'aikatan dare. Ba sa gyangyaɗi, ba sa tambaya, kuma abin da ka miƙa musu shi za su yi, ko da shirme ne."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Da rana mutane kusan talatin ne ke rataye da injin nan guda, kowa da allonsa: masu sito, 'yan ofishin akanta, masu kula da ma'aikata. In ka kuskura ka tada shirin lissafin albashi a lokacin, wanda da harshen kwamfuta na COBOL aka rubuta shi kuma yana cin awanni, kowa sai ya ji a jikinsa. A danna harafi, sai an ƙirga uku kafin ya bayyana. Shi ya sa manyan ayyuka sai dare. Tunda kuma ba wanda zai kwana yana buga umarni ɗaya bayan ɗaya, sai a tara su a fayil guda mai ƙarewa da .COM, da harshen umarni na DCL, kowace saɗara ta fara da alamar dala. Saɗarar da ba ta da alamar, injin yana ɗaukarta a matsayin amsar da za a ba shirin idan ya yi tambaya. Daga nan ka buga SUBMIT da sunan fayil ɗin, ka ƙara /AFTER="TOMORROW+02:00", injin ya faɗa maka lambar da aikin ya samu a layi, ya ce yana tsare har lokacin ya yi. Ka ɗauki hularka ka tafi gida.

Aikina na farko ko minti ɗaya bai yi a raye ba. Da safe na nemi rahotonsa, wato fayil ɗin .LOG da ke nuna duk abin da ya faru, na duba ko'ina babu. Ashe ɗabi'ar VMS ce, in ba ka ce komai ba, ta tura rahoton ga firinta, ta goge shi da an gama bugawa. A kwandon firinta na tsince shi, ƙarƙashin takardun sito. Tun ranar yatsuna suka haddace /NOPRINTER, wanda ke barin rahoton a ajiye. Abin da ya kashe aikin kuwa bai taka kara ya karya ba. Aikin layi tamkar sabon mutum ne da ya shigo da sunanka: ba ya farawa daga foldar da kake ciki lokacin da ka tura shi, daga foldarka ta asali yake farawa, SYS$LOGIN. Ya nemi shirin a can bai gani ba, ƙa'idar DCL kuma ita ce da an yi kuskure a tsaya. Sannan yana bi ta LOGIN.COM ɗinka, fayil ɗin umarnin da ke gudana duk sanda ka shiga injin, kamar yadda kai ma kake bi, nawa kuwa cike yake da umarnin gyara allo, ga shi aikin dare ba shi da allo, sai ya cika rahoton da ƙorafi. Saɗara biyu suka raba gardama: SET DEFAULT, mai kai aikin foldar da ake so, a saman fayil ɗin aiki, da tambayar F$MODE a cikin LOGIN.COM, in amsa ta zo BATCH a fice ba tare da an taɓa allo ba.

Wannan duk sharar fage ne. Abin da ya sa ido ya raina fata shi ne lambar da ke bayan sunan fayil.

A VMS, in ka gyara fayil ka ajiye, tsohon ba ya ɓacewa. ALBASHI.COM;7 yana nan, gyaran da ka yi ya zama ALBASHI.COM;8, a haka lambar za ta yi ta hawa, iyakarta 32767. Ni har yau ina ganin wannan yana cikin mafi kyawun abin da mutanen DEC suka ƙirƙiro, don ya sha cetona daga ɓarnar hannuna. In ka kira fayil ba lamba, sabon ake ba ka. To a kan haka na gina tunanina, ban san cewa layi ba haka yake ba.

Ƙarshen wani wata, tun da hantsi na sa aikin albashi a layi, yana jiran ƙarfe biyun dare. Bayan la'asar sai ga akanta da kansa, takarda a hannu. An amince da wani sabon alawus, yana so ya shiga albashin wannan watan. Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Na buɗe fayil ɗin, na ƙara matakin da zai haɗa alawus ɗin kafin a yi lissafi, na karanta sau uku, na duba layi na ga aikin yana nan daram. Na tafi gida da sakakkiyar zuciya.

Da safe na tarar da kwali biyu na takardun albashi, an buga su tsaf, ba alawus ko a ɗaya. Na buɗe rahoton ina neman inda matakin ya faɗi. Bai faɗi ba. Babu shi ne kwata-kwata. Maigidana ya zo ya tsaya a bayana, ya sa ɗan yatsa a kan allo daidai wurin da sunan fayil ya fito, ya ce, "Karanta mini lambar nan."

Na ce, "Bakwai."

"Gyaranka kuma nawa ne?"

Ban amsa ba, don na riga na gane. Lokacin da ka buga SUBMIT, layi ba suna kawai yake riƙewa ba, ainihin fayil ɗin da ke nan a wannan lokacin yake kamawa, da lambarsa. Ka gyara sau goma bayan nan, shi dai na bakwai ya sani. Da na cire aikin da DELETE/ENTRY na sake tura shi, abin da bai wuce daƙiƙa ashirin ba, da ba a yi asarar takarda ba, da kuma ban tsaya gaban akanta ina sosa ƙeya ba. Ranar sai da aka roƙi kowa ya sauka daga kan injin, aka maimaita lissafin da tsakar rana, masu sito suna ta harara ta ta gilashi.

Kai ka ce na yi hankali. Wata biyu bayan nan na ga foldar ta cika da tsofaffin zubi, na ce bari in yi shara, na buga PURGE, wanda ke goge duk tsofaffi ya bar sabo kaɗai. Garin neman gira na rasa ido. Akwai wani aiki a layi da ke riƙe da ɗaya daga cikin waɗanda na share. Lokacinsa ya yi, ya nemi fayil ɗinsa bai samu ba, ya mutu, ya ɓace daga layin kamar ba a taɓa sa shi ba. Wannan ne ya sa muka gyara layin da /RETAIN=ERROR, don duk aikin da ya mutu gawarsa ta tsaya a jerin har safe, da dalilin mutuwar a ƙarƙashinta.

Sai batun ayyukan kullum, irin kwafe bayanai a tef kowane dare. Masu amfani da manhajar Unix suna da wani shiri mai suna cron, su rubuta masa jadawali su manta. VMS ɗinmu ba ta zo da irinsa ba. Dabarar ita ce aikin ya sake sa kansa a layi: a cikin fayil ɗin akwai saɗarar SUBMIT da ke tura shi kansa zuwa gobe. Yau ya haifi gobe, gobe ya haifi jibi. Abin sha'awa, amma sarƙa ce, da zobe ɗaya ya tsinke shi ke nan.

Wanda ya riga ni a kujerar ya sa saɗarar a ƙarshen fayil, kuma a ido haka ya fi kama hankali, ka gama na yau sannan ka shirya na gobe. Sai wata rana tef ya ƙi, aikin ya tsaya a tsakiya, bai kai ga saɗarar ba. Ba wanda ya lura. Sai da muka yi kwana huɗu ana sa tef da yamma ana cire shi da safe, ana rubuta kwanan wata a jikinsa ana jerawa a kabad, alhali ba a rubuta komai a ciki ba. Allah ya rufa asiri faifan injin bai lalace a kwanakin ba. Na mayar da saɗarar can sama, kafin a taɓa komai. A nan ma tarkon lamba yana nan yana jira: in ka tambayi F$ENVIRONMENT sunan fayil ɗin da ke gudana, da lambarsa yake ba ka, sai aikin ya yi ta haifar tsohon zubi har abada, gyaranka bai taɓa shiga ba. Dole ka yanke sunan daga kan waƙafi mai ɗigo da F$ELEMENT kafin ka tura.

Kalmar TOMORROW ma ta taɓa yi mini wayo. Aikin tef ƙarfe 11 na dare yake tashi, yana sa kansa a TOMORROW+23:00. Wata Litinin aka ɗauke wuta wajen ƙarfe goma, janareta ya ƙi tashi, aka kashe injin kafin batir ya ƙare. Ba a kunna shi ba sai bayan sha biyu. Aikin da lokacinsa ya wuce ba ya jira, nan take yake tashi. Ya tashi kuwa, amma a wurin injin Talata ta riga ta shiga, gobe kuma ta zama Laraba. Daren Talata ya faɗa rami. Ban yi wata doguwar dabara ba, na matsar da aikin zuwa ƙarfe ɗayan dare, yadda ko ya makara da awa biyar yana cikin ranarsa.

Wasu abubuwan da sauri na koye su. /PRIORITY ba ya sa aiki gudu. Lambar daga 0 zuwa 255 take, yawanci 100, kuma iyakarta ta tsallakar da kai gaban masu jira. Rabon ƙarfin injin a wani wuri daban ake saita shi, a jikin layin. Na taɓa ganin wani abokin aiki ya sa 200 yana ta kallon agogo yana tsaki. Shi kuma JOB_LIMIT shi ne yawan ayyukan da layi zai bari su gudana tare. Namu ɗaya ne, kuma ba mu san cewa wannan ɗayan ne ke riƙe da tsarin dare gaba ɗaya ba sai da aka mayar da shi uku don a riƙa gamawa da wuri. Rahoton sito ya tashi tare da aikin da ke sabunta sito, ya ƙirga kayan jiya. Daga baya muka koyi SYNCHRONIZE, wanda ke sa aiki ya dakata sai wani ya kammala, amma ni ra'ayina, in mataki biyu ba sa rabuwa, a haɗa su a fayil guda a huta.

/RESTART ne na fi jin tsoro. In ka sa shi, injin ya mutu a tsakiyar aiki, da ya dawo zai sake tada aikin, kuma daga farko. Ga aikin buga rahoto ba komai. Ga aikin da ke cire bashi daga albashin mutane, sau biyu ke nan za a cire. Akwai maganinsa: kafin kowane mataki ka rubuta SET RESTART_VALUE da sunan matakin, a saman fayil kuma ka duba $RESTART, in gaskiya ne ka tsallaka zuwa inda BATCH$RESTART ya nuna. Amma ko da hakan, matakin da aka katse a tsakiya sai an maido da kwafin fayilolin da aka ɗauka kafinsa. Na gwammace a tashe ni ƙarfe uku in zo in duba da idona, maigadi yana haska mini makulli da tocila.

Muna da wani littafi mai baƙin bango a gefen allo. Duk wanda ya tura aiki sai ya rubuta sunansa, lambar layi, lokaci, da lambar zubin fayil. Gurbin ƙarshen nan ni na ja masa layi da rula, washegarin ranar alawus.

Compaq ya sayi DEC a 1998, HP ya haɗiye Compaq a 2002, tun 2014 kuma kamfanin VMS Software ne ke ci gaba da manhajar da sunan OpenVMS, har an kai ta kan injinan x86, irin kwamfutocin da aka saba gani yau. Kwanan baya na ɗora SIMH a kan laftof ɗina, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin injina, na tada VAX a cikinta. Alamar dala ta fito. Na rubuta ɗan fayil mai saɗara uku wanda ba abin da yake yi sai faɗar lokaci, na tura shi da minti biyar nan gaba, ban ma yi tunani ba na ga /NOPRINTER/NOTIFY sun riga sun hau allo. Sai na lura na yi kuskuren harafi a saɗara ta biyu. Na buɗe, na gyara, na ajiye, na miƙe zan ɗora ruwan shayi. Ina bakin ƙofa na tsaya, na dawo na buga SHOW ENTRY/FULL. Fayil ɗin da ke layi, lambarsa ɗaya.