Tambayar da aka yi mini a hanyar Vigan

Ƙarfe tara na dare motarmu ta bar Manila, babban birnin Filifin, muka nufi arewacin tsibirin Luzon. Zuwa Vigan tafiyar ta kai awa takwas, ga sanyin na'ura kamar a tsakiyar hunturu. Wata mata mai kimanin shekara hamsin ce a gefena, tana rungume da kwali a cinya. Har muka wuce Tarlac ba mu ce wa juna uffan ba.

Da aka tsaya shan shayi a Pangasinan sai ta dube ni ta ce, "Taga-ano ka, ading?"

Ading ƙane ke nan a harshen Ilokano, na mutanen arewacin Luzon. Sauran maganar kuwa abokin karatuna ya riga ya koya mini: mutumin ina ne kai? Amsar ba wuya, ka sa "taga" a gaban sunan garinku, ka liƙa "ak" a ƙarshe, ma'ana ni. Na ce, "Taga-Nigeriaak, Manang." Manang yaya ce mace, namiji kuma Manong.

Ta girgiza kai. Ba ƙasa take nufi ba, gari take so ta ji. Na ce, "Taga-Katsinaak." Ta maimaita sunan har sau uku, sai da ya zauna a bakinta, sannan ta ce, "Adayo," wato da nisa. Wallahi na ji daɗi. Wata bakwai ina Filifin, ba wanda ya taɓa neman sanin garinmu.

Da na mayar mata da tambayar sai na ce "ka". A hankali ta gyara mini: babba "kayo" ake ce masa. Nan take na gane, don mu ma a gida "ku" muke ce wa manya. Ta ce ita 'yar Candon ce, a lardin Ilocos Sur. Daga nan hira ta ɓarke, rabi Turanci rabi nuni da hannu. Danginta da yawa suna Hawai, inda 'yan Ilokano suka fara zuwa aikin gonar rake tun 1906. Ta ce ko a can, in biyu suka haɗu, da wannan tambayar suke farawa.

Ta kuma raba mini ita da "Naggapuam?", wadda ke nufin daga ina kake yanzu. Bambancin "daga ina?" da "ɗan ina ne?" ke nan sak.

Da asuba ta sauka a Candon. Kafin ta tashi ta buɗe kwalin ta ba ni kalamay, wani abin zaƙi na shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, ta tabbatar mini ba alade a ciki. Na ce, "Agyamanak, Manang," na gode.

Gari na wayewa na isa Vigan. A titin Crisologo, tsakanin tsofaffin gidajen zamanin Sifaniyawa, wani dattijo mai keken doki yana gyara linzami. Na gaishe shi da "Naimbag a bigat," barka da safiya, sannan na ce, "Taga-ano kayo, Manong?"