Yadda jikina ya yi da na daina shan Deroxat

Ni fa ba da son raina na fara tsayawa ba. Lokacin da aka rufe boda a 2023 magani ya yi wuya a Damagaram, na zaga farmasi da ordonansi a hannu tun daga Zango har Birni, kowa sai ya ce ya ƙare a dawo wani sati. Ga shi shekaru ina shan paroxetine, wanda aka fi sani da Deroxat, ƙwaya guda mai miligiram 20 kullum da safe saboda ciwon damuwa.

Ko sati ba a rufa ba jiki ya rikice. Jiri, tashin zuciya, zufa cikin dare har zanin gado ya jiƙe, ga mafarkai marasa kan gado. Amma wanda ya fi tada min hankali, in na juya ido gefe sai in ji wani zuut cikin kai kamar wutar kuran ta ja ni, ya wuce nan take can kuma ya dawo, in ina bisa kabu-kabu sai na ƙanƙame rigar yaron don gani nake zan faɗo, shi ko yana ta cewa Hajiya lafiya dai ko.

Inna ta ce iska ce, aka kawo rubutu da turare. Yayana ya ce palu ce, aka gwada jini ba komai. Ni kuma a raina cewa nake shikenan ciwon ya dawo, har abada ni da ƙwaya.

Likitan ƙwaƙwalwa ne ya warware min. Ya ce ciwon damuwa in zai dawo a hankali yake lallaɓowa, sati da sati, kuma ba ya zuwa da wannan zuut ɗin. Wannan ƙwaƙwalwa ce ta saba da magani aka zare mata lokaci guda, paroxetine kuma ba ya daɗewa a jini, wajen kwana guda rabinsa ya fita, shi ya sa ya fi wasu magungunan damuwa irin su fluoxetine wahalar bari. Da aka samo maganin na koma sha, wallahi kafin jibi na miƙe garau.

Daga baya muka fara ragewa ni da shi. Daga 20 zuwa 10 bai wani ba ni wuya ba. Ƙarshen ne aiki, nan ne mutane ke cewa ai ɗan guntu ne ki yar kawai, alhali guntun nan aikinsa a ƙwaƙwalwa ya fi girmansa nesa. Da reza nake yanka ƙwayar bisa faranti, in zauna makonni a mataki guda sai jirin ya lafa sannan a ƙara ragewa, watanni muka ɗauka a haka.

Masu shan diazepam kuma, Valium ɗin nan da wasu ke saye a tebur, naku ya fi nawa haɗari, tsayawa lokaci guda na iya kawo farfaɗiya. Ku je wajen likita ya tsara muku.