Yadda na auna tasirin maganar shugabanni a wani otal na Makka

Otal ɗin da nake aiki a ofishin kula da ma'aikatansa yana unguwar Misfala, tafiyar ƙafa zuwa Harami. Masu gyaran ɗakuna yawancinsu 'yan Bangaladash ne, kicin na hannun 'yan Indiya da Pakistan, teburin karɓar baƙi Misirawa ne da 'yan ƙasa, sai 'yan Indunusiya, sai mu Hausawa da ake ɗauka saboda alhazan Najeriya da Nijar. Babban manaja ya lura wani sashe ma'aikatansa ba sa zama, wani sashen kuma ko a goman ƙarshe na azumi ba ka jin kansu, alhali albashin bai bambanta sosai ba. Ya ce in gano ko bakin shugabannin sassan ne ya jawo haka.

Ma'aunin ba ni na ƙirƙiro shi ba. A 1988 wani mai bincike, Jeremiah Sullivan, ya kasa maganar shugaba gida uku: wadda ke fayyace aiki, wadda ke nuna tausayi da kulawa, da wadda ke fahimtar da ma'aikaci dalilin aikin da al'adar wurin. Jacqueline da Milton Mayfield suka mayar da wannan tambayoyi a 1995, kowacce ana ba ta maki daga 1 zuwa 5. Muka fitar da su cikin Larabci, Bangali, Urdu, Indunusiyanci da Hausa, na raba.

Da takardun suka dawo sai na riƙe baki. Masu gyaran ɗakuna sun jera wa shugabansu 5 daga sama har ƙasa, mutumin da tun daga matakala ake jin tsawarsa. Misirawa kuwa sun ba nasu 2 da 3, har da ƙorafi a bayan takarda, alhali kullum tare suke shan shayi, kuma ba wanda ya taɓa neman barin sashen. Da za a bi lissafin nan a yadda ya zo, mai tsawar ne zai karɓi kyautar gwarzon shekara.

Dalilin a fili yake. Mutumin da igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ke ƙarƙashin kamfani, ga iyali a ƙauye suna jiran abin da zai turo, ba zai rubuta cewa shugabansa ba shi da kirki ba. Gyaran dokar ƙwadago da Saudiyya ta yi a Maris 2021 ya sauƙaƙa sauya wurin aiki, amma tsoro bai fita daga zukata ba. Ga kuma abin da masanin al'adu Geert Hofstede ya nuna tun binciken da ya yi a kan ma'aikatan kamfanin IBM, cewa al'ummomi sun sha bamban wajen yarda da tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami. Mu kanmu Hausawa, kunya ba ta bari mu ba na gaba maki 1 a rubuce, ko da za mu ci namansa a ɗakin kwana.

A zagaye na biyu sai na daina tambayar ra'ayi, na koma tambayar abin da ya faru. Maimakon "shugabana yana kula da ni", sai "a makon nan, ya faɗa maka ɗakunan da za ka fara da su kafin ka hau sama?" ko "da ka yi rashin lafiya, ya tambaye ka jiki?" Ba suna, ba lambar ma'aikaci, akwatin ajiyewa yana bakin ɗakin cin abinci. Wanda bai iya karatu ba, ɗan ƙasarsu daga wani sashen ke karanta masa. Ban ƙara gwada makin Bangali da na Bamisire ba. Kowace ƙungiya da kanta nake gwada ta, kafin azumi da bayan aikin Hajji, sannan in ɗora a kan rajistar fashin aiki da ta masu ajiye aiki.

A nan abin ya fara magana. Fayyace aiki shi ne kowa ya haɗu a kansa. A ranar da motocin alhazai suka sauke ɗaruruwan mutane lokaci guda, ba mai neman daɗin baki, so ake a ce hawa kaza, ɗaki kaza, kafin la'asar. Tausayi kuwa kowa da ƙofar da yake shigarsa. 'Yan Indunusiyarmu gyara a gaban jama'a yana kashe musu jiki na kwanaki, gara a ja su gefe. Misirawa a yi musu faɗan a fili su rama, an wuce wurin. Bahaushe, in ba ka gaishe shi ka tambayi gida ba ka soma da umarni, zai yi aikin, amma iya abin da ka ce kawai.

Kashi na uku, wato fahimtar da ma'aikaci dalilin aikin, ya fi ba ni mamaki. Shugabannin da ke tuna wa yara cewa baƙin Allah suke yi wa hidima sun samu maki mai kyau daga kowace ƙasa, sai a sashen da aka riƙe kuɗin ƙarin awoyi. A can wannan maganar ce ta fi ƙona rai, har wani ya rubuta da Urdu cewa ladan na Allah ne, kuɗin kuma na kamfani ne, a biya shi.

Manaja ya so in ba shi jadawali ɗaya, na ɗaya zuwa na ƙarshe. Na ba shi shafi guda a kan kowane shugaba, da takardar kuɗin awoyin a sama. Aka fara biyan kuɗin, sannan aka kira mai tsawar ofis.