Kafin a ɗaga sanda, a gyara tsayuwa

A ɗan shagonmu na gyaran sandunan golf da koyar da wasan a nan Jos, ba ma barin sabon ɗalibi ya doki ƙwallo sai ya iya tsayuwa. Wasu kan ji haushi. Sai ka ji an ce, “Malam, duka na zo koya.” Mukan ce, “Ranka ya daɗe, ai dukan daga ƙafa yake farawa.” Garin da ake buga golf a Rayfield tun 1913 bai kamata a riƙa ganin tsayuwar ganin dama a cikinsa ba.

Fuskar sanda, wato gefen kanta da ke dukan ƙwallo, ake fara saitawa. Ka tsaya bayan ƙwallo, ka zaɓi wani ɗan ganye ko tabo taku ɗaya a gabanta a kan layin da kake nufi, ka ajiye fuskar sandar tana kallonsa. Sannan ƙafafu su shigo. Layin yatsun ƙafarka da na ƙwallo su tafi kafaɗa da kafaɗa kamar ƙarafan titin jirgin ƙasa, ba su haɗuwa. Mai saita ƙafafunsa a kan tutar ramin da ake nufi kai tsaye, in ba bahago ba ne, ya riga ya karkata dama bai sani ba.

Da sandar ƙarfe mai lamba 7, faɗin tsayuwa daidai da faɗin kafaɗu, ƙwallo kuma ta ɗan wuce tsakiya zuwa hagu. Da weji, gajeriyar sandar bugun kusa, a matse ƙafafu kaɗan, ƙwallo a tsakiya. Da direba, doguwar sandar bugun nesa, a buɗe su fiye da kafaɗu, ƙwallo ta zo daidai cikin diddigen hagu, domin sandar ta same ta tana hawa. Bahago sai ya juya lissafin.

Inda aikin yake shi ne sunkuyo. Daga ƙugu ake lanƙwasawa, a tura mazaunai baya, gadon baya a miƙe, gwiwoyi a sake kaɗan kawai. Hannuwa su rataya da kansu. Tsakanin gindin sanda da cinya a samu wurin dunƙulen hannu ɗaya. Nauyi ya zauna a tudun tafin ƙafa, rabi dama rabi hagu. Wanda ya zauna a kan diddige, da bakin sanda, wato ƙarshen kanta na waje, zai taɓa ƙwallo; wanda ya matso da yawa, wuyan sanda ne zai same ta, ta tsere gefe kamar an kore ta. Haɓa kuma kada ta nutse a ƙirji, in ba haka ba kafaɗar hagu ba ta da hanyar wucewa.

Kafaɗar dama tana ɗan sauka ƙasa da ta hagu, tunda hannun dama ne a ƙasa a kan mariƙi. Da yawa sukan turo ta gaba maimakon ƙasa, kafaɗu su buɗe, ƙwallo ta yi lauje zuwa dama. Sai a zo mana da sanda wai a duba ta.

To, wani lokacin laifin sandar ne. Jabun da ake shigowa da su da tambarin manyan kamfanoni, tsawonsu ba ya bin lamba, kusurwar kai kuma kowace da tata. Mutum ya saya da araha, ya lanƙwashe jikinsa don ya dace da ita, sannan ya zo yana taya kuɗin gyara kamar a kasuwar Terminus. Mu sai mun auna daga wuyan hannu zuwa ƙasa kafin mu yanke sanda ko mu ƙara mata tsawo, mu manna tef a ƙasan kanta, a buga a kan allo mu ga inda ya goge.

Da hunturu ƙasa takan bushe ta yi tauri. Ƙwallo in ta yi gaba da yawa, sandar za ta dira kafin ta iso, ta yi tsalle ta sari ƙwallon a tsakiyarta. Mukan ce a dawo da ita baya kamar faɗin ƙwallo ɗaya, a ɗan ƙara nauyi a ƙafar hagu.