Abin da na koya a gonakin gwaji na Samaru

Duk wanda ya yi karatun noma a ABU Zariya ya san IAR, cibiyar binciken nan ta Samaru, amma da yawa ba su san ta girmi jami'ar kanta da shekara 40 ba. Tun 1922 Turawa suka fara binciken noma a wurin, sai a 1962 da aka buɗe ABU aka haɗe su. Saboda sunan Samaru ne irin da ya fito daga can za ka ga SAM a gaban sunansa, SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake, SAMCOT auduga. Suna da tashar noman rani a Kadawa, ga NAPRI nan kusa a Shika masu harkar dabbobi.

To amma ni abin da ya fi zauna min a rai lokacin firaktikal shi ne yadda manomi ke duba iri. Mu ɗalibai idonmu na kan sikeli, buhu nawa hekta ta bayar, shi kuwa manomi in ya shigo gonar gwaji sai ka ga ya duƙa yana shafa ganye yana tambaya wannan waken zai yi harawa kuwa, saboda akwai tumaki a gida da za su ci har ƙarshen rani, kuma harawar ma kuɗi ce. Dawa gajera komai nauyin zangarniyarta sai ya ce ina karan danga. Wallahi lissafinsa ya fi namu faɗi. Tun shekarun 1960 ma David Norman da ya yi bincike a ƙauyukan Zariya ya nuna haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba rashin sani ba ne, dabara ce, in damina ta yi gardama wani ya faɗi wani zai tashi.

Sannan aikin fitar da sabon iri sai mai haƙuri. Iri ɗaya yana cin shekaru ana barbara ana zaɓe ana gwadawa wuri-wuri kafin a sake shi. A 1975 cutar rozet, mai tsumburar da shuka, ta yi wa gyaɗar Arewa mummunar ɓarna, aka daɗe ana fama kafin a samu masu jure ta kuma masu nuna da wuri kamar SAMNUT 24. A 2019 IAR ta fitar da SAMPEA 20-T, waken da tsutsar maruka mai cin fure da kwanson wake ba ta iya masa, feshi biyu ya ishe shi, duk da dai har yau ana ta muhawara a kansa tunda irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ne.